Hukuncin zaman saƙa na mata a shago, da kuɗin da ake karɓa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗan shago a Unguwar Rimi, Kaduna, inda nake sayar da jakunkunan duwatsu, hulunan jarirai da faya-fayai. Duk Asabar bayan azahar mata kamar 10 kan taru, kowacce ta biya naira 3,000, in ba ta zare da kwarashi, in koya mata saƙa, muna shan zoɓo muna hira. Ƙarshen wata mukan yi ƙuri'a, wadda ta ci ta tafi da jaka. Wasu kuma 'yar tsana suke saƙawa. Yayar maigidana ta ce zaman gulma ne, kuɗin ma da shubuha. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, zamanku halas ne, domin asalin mu'amala halacci ne sai an sami dalilin hani. Ni ma ina ganin alheri ne. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce babu wanda ya taɓa cin abincin da ya fi wanda ya samu da aikin hannunsa, kuma Annabi Dawuda daga aikin hannunsa yake ci. Uwar muminai Zainab bint Jahsh, wadda ta rasu shekara ta 20 bayan hijira, jima take yi da ɗinkin fata, ta yi sadaka da abin da ta samu. Wata mata kuma ta kawo wa Annabi mayafin da ta saƙa da hannunta, ya karɓa ya sa. A ƙasarmu ma taruwar mata don koyo tsohon abu ne, ga 'Yan Taru na Nana Asma'u 'yar Shehu.

Kuɗin shiga babu shubuha a cikinsa. Zare da kwarashi ciniki ne, koyarwar kuma ijara ce, wato ladan aiki, kuma malaman Malikiyya sun halatta haɗa ciniki da ijara a ƙulli ɗaya. Sharaɗin shi ne kowacce ta san abin da ta biya: zare nawa, awa nawa, kuma abin da ta saƙa nata ne ko na shago. Ki faɗa tun kafin a zauna.

Ƙuri'ar ce ke son dubawa. Idan jakar kyauta ce daga kayanki, ba ki ƙara ko sisi a kan kuɗin shiga saboda ita ba, kuma koyo ne ya kawo matan, to ba laifi. Amma ranar da aka ce kowacce ta ajiye ɗari biyar, wadda ƙuri'a ta faɗa wa ta kwashe, an shiga caca, wadda Allah ya haramta a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. Ƙanƙantar kuɗin ba ta sauya hukuncin.

'Yar tsana ta wasan yara an yi rangwame a kanta, Nana A'isha ta yi wasa da irinta a ɗakin Annabi. Wadda za a kafa a falo don ado da cikakkiyar sura, a bar ta.

Sai maganar yayar maigidanki. Kada ki yi fushi da ita, domin ta taɓa inda haɗarin yake. Saƙa aiki ne da ke riƙe hannu ya saki baki. Zare na tafiya, kai na sunkuye, sai wata ta ce, "Kun ji abin da ya faru gidan wance?" Kafin a gama layi biyu an tone auren baiwar Allah da ba ta wurin. Annabi ya fassara giba da ambaton ɗan'uwanka da abin da yake ƙi, ko da gaskiya ne, kuma aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta kamanta ta da cin naman ɗan'uwa matacce. Wannan ya fi damuna a kan batun kuɗin, saboda kuɗi ana iya mayarwa, mutuncin da aka zubar kuwa da wuya ya kwasu. Ke ce mai wurin, nauyin yana kanki. In hira ta karkata, ki katse ta da taushin murya, ko da cewa "a duba wannan ƙullin" ne. Wadda ta ƙi bari bayan nasiha, ki haƙura da dubu ukunta.

Haka waya. Mace na cikin mata, mayafi ya zame, sai ta ga kanta a WhatsApp ko Instagram da sunan tallar shago. Wannan cin amana ne. A ɗauki hoton jakar, a bar fuskar mai ita sai da yardarta.

Matan aure su fito da sanin mazajensu, a saki labule tunda shago ne da maza ke shigowa saye, kuma in an kira la'asar a ajiye kwarashi a shimfiɗa darduma. Da za ku tashi ku karanta kaffaratul majlis: Subhanakallahumma wa bihamdika, ash-hadu an la ilaha illa anta, astagfiruka wa atubu ilaika. Ita kuma yayar maigidan, ki gayyace ta wata Asabar ta zauna ta gani da idonta.

Wallahu a'alam.