Idon ɗana ya karkata, kuma yana yawan tuntuɓe

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa 2 da rabi. Idonsa na hagu yana karkatowa wajen hanci, musamman in ya gaji. Yana yawan tuntuɓe, in aka jefa masa ƙwallo sai ya kai hannu gefe. Surukata ta ce harara-garke ne, in ya girma zai miƙe. Shin idon ne ke jawo wannan? Daga wata uwa a Agege, Legas.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Akwai alaƙa, kuma da kika lura da zancen ƙwallon nan kin taimaka ƙwarai.

Kowane ido tsoka 6 ke juya shi. In idanu biyu suka kalli abu ɗaya, ƙwaƙwalwa tana haɗa hotunan biyu, ta haka yaro ke gane nisan abu da kusancinsa. Wannan yana fara kankama tun yaro na wata 3 zuwa 6. To in ido ɗaya ya bauɗe, ƙwaƙwalwar yaro sai ta yi watsi da hoton da yake kawowa don kada ya riƙa ganin abu biyu-biyu. Gani yana nan, amma awon nisa ya raunana. Shi ya sa za ki ga yana cafkar iska, yana zuba ruwa a gefen kofi, yana laluben matakala da ƙafa kafin ya sauka, ko ya kasa tsallake kwata yadda sa'anninsa ke yi. Ayyukan hannu masu bukatar saiti, kamar zura dutsen ado a zare, sun fi shan wahala. Ba ganganci ba ne, don haka a daina yi masa faɗa.

Sai dai kada a ɗora wa ido komai. Ido kaɗai ba kasafai yake hana yaro zama ko tafiya ba. In ya wuce wata 18 bai taka ba, ko bakwaini ne, ko ya yi shawara mai tsanani yana jariri, wataƙila abu ɗaya ne ya taɓa idon da gaɓɓan, sai likitan yara ma ya duba shi.

Maganar surukarki tana da gaskiya a kan jarirai, domin idonsu kan yi yawo zuwa wata 4. A shekara 2 da rabi kuwa ba a jira. Idon da ƙwaƙwalwa ta yi watsi da shi ganinsa yana raguwa, kuma gyaran ya fi karɓuwa kafin shekara 7. A wannan shekarun, sau da yawa tabarau kawai yaron ke bukata, idon ya dawo daidai. Wani kuma a riƙa rufe lafiyayyen idon na sa'o'i 2 zuwa 6 a rana don mai raunin ya yi aiki. In ya kama, a yi tiyatar tsokar idon.

Ki kai shi sashen ido na LASUTH (asibitin koyarwa na jami'ar jihar Legas) a Ikeja, shi ya fi kusa da ke, ko LUTH (asibitin koyarwa na Jami'ar Legas) a Idi-Araba, ki tafi da hotunan da idon ya fito a karkace. Kada ki ɗiga masa nono ko maganin kan tebur. In kuma kin taɓa ganin fari a tsakiyar baƙin idon, ko da a hoto ne, gobe da safe za ki je.