Tambaya da Amsa: Hutun Bazara a Garin Kan Dutse, Wane Tsayi Ya Dace da Iyali?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni da maigidana mun yi niyyar kai yara hutun bazara wani gari na shaƙatawa da ke kan tsauni domin mu huta da zafi. Za mu tafi da mahaifiyarsa mai fama da hawan jini, kuma ɗaya daga cikin yaranmu yana da sikila. Shin irin wannan wuri ya dace da mu, kuma wane shiri ya kamata mu yi? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Shawarata ita ce, kafin ku dubi kyan gari ko otal, ku fara tambayar tsayinsa daga doron teku, domin a kan wannan lambar sauran al'amura suka rataya. Zafi yana raguwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau, abin da ya sa tun tuni masu mulki suke neman mafaka a irin waɗannan garuruwa. Turawan Ingila sun mayar da Shimla, mai tsayin kusan mita 2,200, hedikwatar mulkin Indiya ta lokacin zafi a 1864, Faransawa kuma suka gina Ifran a tsaunukan Maroko a 1929, a tsayin kusan mita 1,650. Haka nan mutanen Makka sun daɗe suna hawa Ɗa'ifa idan rana ta yi tsanani.

Sai dai sanyin yana zuwa da abokin tafiya, wato ƙarancin iskar oksijin da huhu ke samu a kowane numfashi. Ga mai cikakkiyar lafiya, garin da ke tsakanin mita 1,000 da 2,000 ba ya kawo wata matsala sai ɗan haki idan ana hawan tudu. Ciwon tsauni, wanda alamominsa su ne ciwon kai, tashin zuciya, jiri, kasala da rashin barci, galibi yana farawa ne daga mita 2,500 zuwa sama, cikin sa'o'in farko bayan isa, kuma babban maganinsa shi ne a sauko.

A nan ne batun ɗanki ya fi damuna. Ƙarancin oksijin, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki, abubuwa uku ne da aka san suna tayar da ciwon sikila, ga shi kuma tsauni ya haɗa su wuri guda, domin iskarsa busasshiya ce, tana ɗebe ruwan jiki ta numfashi ba tare da mutum ya ji ƙishirwa sosai ba. Saboda haka tsayin da bai dami sauran yara ba yana iya kwantar da shi. Ko masu rukunin jini na AS, waɗanda ba sa rashin lafiya a gida, an samu waɗanda saifarsu ta sami matsala a wurare masu tsayi ƙwarai. Kada ku biya kuɗin masauki sai likitan da ke duba yaron ya ji sunan garin da tsayinsa, ya faɗi ra'ayinsa, ya kuma rubuta muku bayanin ciwon da magungunansa. Ku zaɓi gari mai asibiti a cikinsa, ba ƙauyen da sai an yi tafiyar sa'o'i a hanya mai kwana-kwana ba.

Akwai kuma wani tarko da baƙi ba sa lura da shi. Gari yana iya zama a tsayi madaidaici, amma abin da ake zuwa kallo yana can sama. Garin Shamoni na Faransa bai wuce mita 1,035 ba, amma motar da ke rataye a igiyar ƙarfe tana ɗaga mutum daga nan zuwa mita 3,842 cikin minti 20 ko makamancin haka, jiki bai sami damar sabawa ba. Irin wannan hawa ba na ɗanki ba ne, ban kuma so shi ga surukarki ba. Su zauna a gari, su yi yawo a gefen tafki ko cikin itatuwa. Ita Hajiya babba, idan hawan jininta yana bisa ƙa'ida, tsayi madaidaici ba ya hana ta tafiya, amma ta riƙe magungunanta a jakar hannu, a kuma riƙa auna ta, domin jini yakan ɗan hau a kwanakin farko.

Sauran shirin mai sauƙi ne. Ku ɗauki rigunan sanyi ko da a tsakiyar bazara ne, saboda dare yana yin sanyi da zarar rana ta faɗi, ku kuma tanadi hula da man kare fata, domin hasken rana ya fi ƙuna a sama duk da iskar tana da daɗi. Ku fita da safe, ku dawo kafin la'asar, lokacin da hadari da tsawa suka fi tasowa a kan duwatsu. Ku bincika lokacin damina na wurin ma, don a Shimla watannin Yuli da Agusta na ruwan sama ne mai yawa da zaftarewar ƙasa. Ranar farko kuwa ku bar ta ta hutawa da yawan shan ruwa, idan kuma yaron ya yi kukan ciwon ƙashi, ƙirji ko ɓangaren hagu na ciki, ku kai shi asibiti nan take.