Amsa ga Alhaji kan auna damuwa a jinin shanun madara

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Alhaji, ranka ya daɗe, na saurari tambayarka a kan shanun nan ruwa-biyu na Firiziyan (shanun madara na Turai) da Bunaji da aka kawo maka nan Jos, waɗanda suka rage madara tun da aka sauke su daga mota, har kake so a auna sinadarin damuwa a jininsu.

Sunan sinadarin kotisol, kuma wasu 'yan ƙullutai biyu da ke kusa da ƙoda ne ke sakin sa idan saniya ta firgita, ko ta ji ciwo, ko ta sha wahalar hanya. Ana auna shi, amma ga inda gizo ke saƙa: kamun da za a yi wa saniyar shi kansa yana tayar da shi. Idan yara suka bi ta da gudu, aka jefa mata igiya, aka murɗe wuyanta ana lalubar jijiya tana huci, to cikin 'yan mintuna ya soma hawa, sai sakamakon ya ba ka labarin kokawar da aka yi da ita maimakon halin da take ciki a garke.

Saboda haka idan za a yi, a ɗaure ta a turkenta, makiyayin da ta saba da muryarsa ya riƙe ta, likita ya ɗebi jinin daga jijiyar ƙarƙashin wutsiya kafin minti 3 su cika, a lokaci ɗaya kowace safiya, kuma ba bayan tatsa ba, domin tatsar ma tana ɗaga shi. A saka kwalaben cikin ƙanƙara, a ɗebi jinin shanunka na da ma a kwalabe daban don a samu abin kwatantawa, domin awo ɗaya daga saniya ɗaya ba ya yanke hukunci. Ana kuma iya auna shi a kashinsu, wanda ke nuna halin da suke ciki kusan awa 12 da suka wuce, ba tare da allura ba.

A ganina, Alhaji, kafin ka kashe kuɗin nan, a fara duba hantsarsu ko akwai kumburi da zafi, a duba kaska da alamun sammore, a kuma tabbatar ruwa ba ya yanke musu, tunda kusan kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne. Idan duk wannan lafiya lau, ka tambayi ɗakin gwajin ko suna da kayan awon kotisol a ƙasa kafin a taɓa saniya ko ɗaya. Wassalam.