Wa'adin Izinin Gina Gida a Ingila

Ka tambaya ko izinin da ka samu na gina gidanka da kanka a Ingila zai iya lalacewa idan aiki ya jinkirta. Tabbas zai iya, kuma izini biyu ne, kowanne da lokacinsa.

Izinin tsarawa, wato amincewa da a yi ginin a wurin, wanda ƙaramar hukuma ke bayarwa, yakan tsaya shekara 3 daga ranar da aka amince, bisa dokar tsara birane ta 1990, sai dai idan takardar ta ambaci wani wa'adi dabam. Abin da ake bukata shi ne a fara aiki a cikin wannan lokaci, ba a kammala ba, kuma haƙa ramin harsashi yakan wadatar, muddin an cika sharuɗɗan da aka gindaya kafin soma gini. A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, domin aikin da aka yi kafin cika sharaɗi ba lallai ne a ƙidaya shi ba.

Izini na biyu, wato amincewar da ke nuna cewa ginin zai bi ƙa'idojin gini na inganci da aminci, shi ma shekara 3 ne, amma tun daga Oktoban 2023 ana son a kammala harsashi da daɓen ƙasa kafin a ce an fara. Ina ba ka shawara ka nemi shaidar fara aikin a rubuce daga hukuma, ka adana ta.