Mun yi wa gem ɗinmu tirela, amma babu mai saukewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru. Ni da abokina mun yi watanni muna haɗa gem na waya da manhajar Godot. Tseren Keke Napep ne: ka ɗauki fasinja a Kwangila ka kai shi Ƙofar Doka kafin lokaci ya ƙare, kana kauce wa ramuka da 'yan acaɓa. Mun yi masa tirela, wato bidiyon talla, ta minti uku, tambarinmu a farko, sai labarin direban, muka ɗora waƙar da ake yayi. Mun sa a Facebook da status, ana ta cewa "Allah Ya ƙara basira", amma masu sauke gem ɗin ba su taka kara sun karya ba. Ina muka kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Sannunku da ƙoƙari. Tun kafin in ga bidiyon zan iya ce maka kun yi tirelar fim ne, ba ta gem ba. Mai kallon tirelar fim yana son ya san wa zai gani da wane labari za a ba shi. Mai kallon tirelar gem tambayarsa ɗaya ce: idan na riƙe wayar, me zan riƙa yi da yatsuna? In ba ku amsa masa wannan a daƙiƙoƙin farko ba, ya wuce, domin datarsa ba ta banza ba ce.

Saboda haka ku cire tambarin nan daga farko. Manyan kamfanoni kan buɗe da tambari don sunansu kaɗai ya isa ya tsayar da mutum. Ku kuwa ba a san ku ba tukuna, tambarin cin lokaci ne kawai. Ku buɗe da Keken yana tsaka da gudu, ɗan acaɓa ya shigo masa ta gefe, agogo na ƙirga lokaci a saman allo. Sai a ga an ɗauki fasinja, sai a ga an faɗa rami kuɗi sun ragu. Kowane yanki ya koya wa mai kallo abu ɗaya game da wasan. Wanda bai koyar da komai ba, ko ya kai me kyau, a yanke shi. Labarin direban ku bar shi a cikin gem ɗin, wanda ya sauke zai tarar da shi.

Tsawon ma ba ku za ku yanke shi ba, kasuwa ce ta yanke. App Store na Apple ba ya karɓar bidiyon talla sai tsakanin daƙiƙa 15 zuwa 30. A Google Play, inda nake zaton can kuka dosa, mahaɗar YouTube ake sakawa, kuma in bidiyon ya kunna kansa, ba sauti yake farawa. Haka Steam ma ga masu gem na kwamfuta. Wato dai ku ɗauka cewa mutum zai kalli tirelarku a kurma. Duk saƙon da kuka ɗora wa murya ko waƙa ya tafi a iska. Ku rubuta 'yan kalmomi manya a kan allo, uku ko huɗu a lokaci guda, da Hausa, tunda ita ce ta bambanta ku da dubban gem na tsere da ke kasuwa.

A nan zan ɗan tsaya, don kasancewar gem ɗin na gida shi ne jarinku kuma ina jin ba ku lura ba. Gem ɗin mota ba sabon abu ba ne a duniya, amma gem ɗin da Bazazzagi zai kalla ya ce "kai, ai nan PZ ce!" ba kasafai ake samu ba. In kun zana gadar Kwangila, ko cunkoson Tudun Wada, ko ita Ƙofar Doka kanta, to su shigo da wuri, a kuma rubuta sunan wurin. Mutum ba ya tura wa abokinsa bidiyo don hoton ya fita tas. Yana turawa ne don ya ga unguwarsu a ciki.

Batun waƙa: ku sauke ta. YouTube na da tsarin Content ID da ke gane waƙar da ke da mai ita, yana iya toshe bidiyon ko ya ɗora masa talla kuɗin ya tafi wa mai waƙar, alhali Google Play na so a kashe talla a bidiyon da aka saka a shafin gem. Ku nemi mai haɗa kiɗa ya buga muku kalangu mai sauri na daƙiƙa 30, ku rubuta yarjejeniya ko da a takarda ɗaya ce. Sannan ku daidaita yankan hotuna da bugun kiɗan, ku bar hon da ƙarar inji su fito.

Wajen ɗauka, kar ku nuna wa allon wata wayar kyamara. Ku kunna gem ɗin a kwamfuta ku naɗa da OBS Studio, kyauta ne, ku yi tacewa da DaVinci Resolve in kwamfutar za ta iya ɗauka, in ba haka ba CapCut ya wadatar. Kafin ku naɗa komai, ku rubuta jerin abin da kuke so a gani, sannan ku buga wuri ɗaya sau ashirin har ku sami kaucewar da ta fi burgewa. Wannan ba yaudara ba ce, zaɓe ne. Yaudara ita ce nuna abin da babu shi a gem. Gem ɗin Watch Dogs da aka nuna a bikin baje kolin gem na E3 a 2012 ya sha suka da ya fito a 2014, saboda 'yan wasa sun ga hotonsa bai kai wanda aka nuna musu ba. Gem ɗin No Man's Sky kuwa a 2016 har ƙorafi aka kai wa hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya. Ta wanke masu gem ɗin, amma sun jima suna gyaran suna. Ku da ba ku da kuɗin wanke kai, makin tauraro ɗaya daga masu saukewa a Play Store ya ishe ku ciwo.

Ku fitar da kwafi biyu: na kwance don YouTube, na tsaye don TikTok da status. A daƙiƙoƙin ƙarshe a ga sunan gem ɗin da inda za a same shi, su daɗe yadda mai karatu a hankali zai karanta. Yanzu tambarin zai iya shigowa.

Kafin ku saki tirelar, kar ku gwada a kan 'yan ɗakinku, za su yaba ko yaya take. Ku je teburin mai shayi a Samaru, ku miƙa wa wanda bai san ku ba wayar, sauti a kashe, ku yi shiru. In ya gama ku tambaye shi me ake yi a gem ɗin. Ku kuma lura da daƙiƙar da ya ɗaga kai ya koma kan shayinsa. Daga nan za ku fara yanka.