Amsar tambayarki kan Jibin Ubangiji da maganar ƙawarki

Ɗiyata, na ga saƙonki tun shekaranjiya, ki yi haƙuri ban amsa da wuri ba, idon nan sai a hankali, rubutu a waya wahala yake ba ni, kuma ban so in ba ki guntuwar amsa a kan magana mai nauyi haka. Kin ce ke da ƙawarki ta kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, kun yi wata huɗu ba kwa ga maciji da juna saboda ta kwashe sirrin da kika gaya mata ta baza a guruf, har kin yi bulokin ɗinta, ita kuma ta bar cocinku ta koma wata ɗarika, yanzu mamanki ta ce kada ki kuskura ki miƙa hannu ki karɓi Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a coci don tunawa da mutuwar Almasihu, ran Lahadi sai kin je kun shirya. Shi ne kike tambaya wai wannan abu yana cikin Littafi Mai Tsarki ne ko al'adar tsofaffi ce kawai, kuma don me ke za ki je alhali ke aka yi wa laifi.

To da farko dai abinda ta yi miki bai kyautu ba, ko kaɗan, kuma ba zan ce miki ki yi kamar bai yi zafi ba. Wanda ka buɗe wa cikinka shi ya fi sanin inda zai soke ka. Na ji miki ciwo sosai.

Amma maganar mamanki tana da tushe, ba ita ta ƙago ta ba. Buɗe Matiyu 5:23-24, Yesu da bakinsa ya ce in kana cikin miƙa baikonka a bagade sai ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka ajiye baikon nan a wurin, ka je ku shirya tukuna, sannan ka dawo ka miƙa. Kin san abinda ya daɗe yana taɓa ni a wannan aya? Mutanen da yake wa magana a Galili suke, bagaden kuma yana Haikali a Urushalima, tafiyar kwana uku ko fiye a ƙafa. Wato mutum ya sha wannan tafiya, ya iso, ya shiga layi da dabbarsa, an zo kansa, sai a ce masa ajiye, koma gida ka nemi wanda kuka saɓa. Kin ga ashe Ubangiji ya yarda baikon ya jira kwana shida a kan a karɓe shi da gaba a zuciya.

Za ki ce ai ayar ta ce in shi ne yake da magana game da kai, ni kuwa ni aka ɓata wa. Na san za ki faɗi haka don ni ma na taɓa fakewa a nan. Sai ki ƙara gaba zuwa Matiyu 18:15, can kuma ya ce in ɗan'uwanka ya yi maka laifi, je ka same shi ku biyu kaɗai ka nuna masa laifinsa. Kin gani ko? In ke kika yi laifi, ke za ki je. In ke aka yi wa, ke dai za ki je. Ya toshe ƙofa biyun duka, saboda ya san halinmu, kowa a idon kansa shi ne aka zalunta, in aka ce sai mai laifi ya fara zuwa to har Almasihu ya dawo ba wanda zai ɗaga ƙafa. Kuma ki lura da kalmar ku biyu kaɗai, ita ta kai maganarki guruf, ke kada ki rama da irin makaminta.

Yadda abin ya haɗu da Jibin Ubangiji kuwa daga wasiƙar manzo Bulus ta fari zuwa ga Korantiyawa ne, wadda ya rubuta daga Afisa wajen shekara ta 55. Ikkilisiyar nan ta rabu gida-gida, wannan ya ce ni na Bulus ne, wancan na Afolos, wani na Kefas, har ya tambaye su ko Almasihu a rarrabe yake. In sun taru cin jibin, masu hali su riga su ci su ƙoshi har wani ya bugu, talaka ya zo daga aiki ya tarar ba komai, sai Bulus ya ce musu wannan da kuke ci ba Jibin Ubangiji ba ne sam. A sura 10 aya 17 ya ce tun da gurasar ɗaya ce, mu ma da muke da yawa jiki ɗaya ne. To ki duba, gurasar da za a gutsura a sa miki a tafin hannu ita ce ake sa wa ƙawarki a can inda ta koma, yaya za ki haɗiye alamar cewa ku jiki ɗaya ne alhali ko sunanta ba kya son ji? Kiristocin farko ma haka suka fahimta. Akwai wani tsohon rubutun koyarwa da ake kira Didake, na wajen ƙarshen ƙarni na farko, a ciki aka ce wanda yake da rikici da ɗan'uwansa kada ya shiga taron gutsura gurasa sai sun shirya, don kada hadayar ta ƙazantu. Jastin mai shahada kuma, da yake bayyana sujadar Kirista a Roma wajen shekara ta 150, ya ce in an gama addu'a sai su gai da juna da sumba, daga nan ne ake kawo gurasa da ƙoƙo. Gaisuwar salama ɗin nan da ake cewa a juya a gai da na kusa, wadda ku yara kuke yi da yatsu biyu kuna kallon wani wuri, asalinta kenan fa, dama ce ta ƙarshe da za ka kama hannun wanda kuka ɓata kafin ku ci daga abu ɗaya.

Yanzu ga inda nake so ki saurare ni da kyau, don a nan ne mutane da yawa suke juya al'adar nan ta koma abinda ba shi ake nufi ba. Tsorona shi ne ki ce to shikenan, ba zan ci jibin ba, ba kuma zan je ba, an raba gardama. Ni na yi wannan, kusan shekara guda. Lokacin ina da ƙuruciya kamarki wata 'yar'uwa a zumuntar mata ta faɗi wata magana a kaina a gaban jama'a, maganar rashin haihuwa, lokacin ina shekara biyar da aure ba ko ɓari. Na dawo gida na yi kuka har muryata ta dishe. Daga ranar duk Lahadin da za a ba da jibi, in faranti ya iso layinmu sai in naɗe hannuwana a ƙirji in sunkuyar da kai ya wuce, kuma a zuciyata ina ganin ni mai tsoron Allah ce tunda ban ci da gaba ba. Ashe girman kai ne na sa masa rigar ibada. Wata tsohuwa da ke zama a bayana ita ta lura, ran nan bayan an tashi ta riƙe min gefen zane, ba ta ɗaga murya ba, ta ce yarinya sau nawa kenan ina ƙirgawa, yunwa kike so ki kashe kanki da ita don wata ta yi miki laifi? Ta ce Bulus cewa ya yi mutum ya gwada kansa sannan ya ci, bai ce ya gwada kansa ya gudu ba. Na koma na duba 1 Korantiyawa 11:28, haka yake kuwa.

Ranar Talata na je gidan matar. Na tsaya a ƙofa ya fi minti goma, na juya sau biyu zan koma. Da ta fito hannunta duk kumfar wanki, ta gan ni, sai ta tsaya kawai tana share hannun a zaninta ba ta daina ba, ta rasa abin cewa. Duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu, abinda ya fito daga bakina kawai shi ne maganar da kika yi ta kashe ni. Sai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Ba mu zama aminai ba bayan haka, gaskiya, ban ƙara gaya mata cikina ba har ta rasu, amma mun ci jibi kafaɗa da kafaɗa shekara da shekaru, kuma da na haifi yayanki tana cikin waɗanda suka fara zuwa barka.

Don haka yafewa ba ta nufin ki sake ba ta sirrinki, wannan amana ce, ita sai a hankali take dawowa in ma za ta dawo. Ba ta kuma nufin ki ce ba ta yi laifi ba. Ki je ki faɗa mata abinda ta yi da yadda ya yi miki, a fili, ba habaici. In ta karɓa, kin samu 'yar'uwarki. In ta ƙi, ki koma da mutum ɗaya ko biyu masu hankali kamar yadda Matiyu 18 ta ci gaba da faɗa. In duk da haka ta rufe ƙofa, Romawa 12:18 ta ce in mai yiwuwa ne, iyakar abinda yake wajenku, ku zauna lafiya da kowa, ke kin sauke naki, ki je ki ci jibinki da zuciya ɗaya, mamanki ma ba za ta hana ki ba, zan yi mata magana.

Sai maganar da kika yi a ƙarshen saƙonki, wai ai tunda ta koma wata ɗarika yanzu ba ruwanki da ita, ba 'yar cocinku ba ce. Wannan ita ta fi damuna a duk saƙon. Ɗiyata, allon da ke ƙofar coci ne ya canja, wanda ya mutu dominta bai canja ba. Afisawa 4 ta ce Ubangiji ɗaya, bangaskiya ɗaya, baftisma ɗaya. A daren da za a kama Yesu, a Yahaya 17, abinda ya roƙa mana shi ne mu zama ɗaya domin duniya ta gaskata Uba ne ya aiko shi, wato duk wanda yake kallonku a wurin aiki ko a unguwa yana ganin masu waƙar yabo biyu suna kauce wa juna a hanya, wa'azi kuke masa, amma na korewa. Ni ban ce bambancin ɗariku ba komai ba ne, akwai koyarwar da muka saɓa a kai da gaske kuma ina riƙe da tawa. Amma ko manya da suka yi rabuwa mai tsanani da ƙafa suka nemi juna. Ikkilisiyar Roma da ta Konstantinoful sun yi wa juna hukuncin korewa a 1054, sai a Janairun 1964 Paparoma Paul na shida da Athenagoras, shugaban ikkilisiyar Otodoks a Konstantinoful, suka haɗu a Urushalima suka rungumi juna, a Disambar 1965 aka ɗage hukuncin nan, bayan shekara 911. Har yau ba su gama daidaitawa ba, amma sai da wani ya tashi ya yi tafiya aka fara. Zumunta a ƙafa take, ku naku wata huɗu ne kacal.

Kuma kada ki ji kunya wai ku Kirista ne kuka saɓa, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Bulus da Barnaba sun yi gardama mai zafi a kan Markus har suka rabu kowa ya kama hanyarsa, amma a ƙarshen rayuwarsa Bulus ɗin nan ne ya rubuta wa Timoti ya zo masa da Markus don yana da amfani a gare shi. Afodiya da Sintiki ma a Filibi mata ne da suka yi fama tare da shi a aikin bishara, ya roƙe su da suna su daidaita, kuma ya ce sunayensu suna cikin littafin rai, bai kore ko ɗaya ba. Abinda ba na so shi ne ki hau gaba ran Lahadi da rigar kwaya ki buɗe baki ki yabi Allah, ki sauko ki ci naman yarinyar nan da bakin nan dai, Yakubu 3:10 ya ce bai kamata yabo da zagi su fito daga baki ɗaya ba.

Ki fara cire bulokin ɗin yau da dare. Kada ki tura mata doguwar magana a rubuce, rubutu ba ya ɗauke da murya, za ta karanta shi da fushin da ke ranta, ki ce mata kawai kina so ku haɗu, ki bar ta ta zaɓi wuri. Ki yi addu'a kafin ki fita, ki ambaci sunanta a cikin addu'ar ko da bakinki zai yi nauyi, nawa ma ya yi. Yau Laraba, kina da kwana uku. Ni zan tashi da asuba in riƙe ku ku biyu a gaban Ubangiji, in kin dawo ki kira ni ko dare ya yi, ba na barci da wuri. Ki gai da mamanki da ƙannenki.

Gwaggonki