Me ya sa muke cewa "sujada" alhali goshinmu ba ya taɓa ƙasa?

Tambaya: Baba Fasto, barka da aiki. Ni 'yar zumuntar mata ce a wata majami'a a nan Maraɗi. Maƙwabciyata Musulma ce, muna zaman mutunci sosai. Ta raka ni ɗaurin aure a majami'armu, da muka dawo sai ta ce: "Kullum kina cewa za ki sujada, ni kuwa waƙa da wa'azi na gani, ban ga wanda ya kai goshi ƙasa ba." Na rasa abin faɗi. Mene ne ainihin sujada a wurinmu?

Amsa: Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Maƙwabciyarki ta lura da kyau, kuma tambayarta ta cancanci amsa ta gaskiya.

Kalmar da Sabon Alkawari ya fi amfani da ita domin sujada a harshen Girka, asalin ma'anarta faɗuwa ce a gaban babba, irin yadda kike gani ana zubewa gaisuwa a fadar Sarkin Katsinan Maraɗi. Shi ya sa "sujada" ta dace da ita a Hausa. Ba a kuma hana mu kai goshi ƙasa ba. Zabura 95:6 tana kiranmu mu rusuna mu durƙusa, Yesu kansa ya faɗi rubda ciki a Getsamani (Matiyu 26:39). In zuciyarki ta cika a ɗakinki har kika zube gaban Ubangiji, kin yi daidai.

To me ya sa a taron Lahadi muka fi tsayuwa? Wannan tsohuwar al'ada ce. Wajen shekara ta 150, wani malami mai suna Yustinus, wanda daga baya aka kashe shi a Roma saboda bangaskiyarsa, ya bayyana yadda suke taruwa: a karanta rubuce-rubucen manzanni da na annabawa, shugaba ya yi gargaɗi, kowa ya miƙe a yi addu'a, a ci Jibin Ubangiji, a tara baiko domin marayu da gwauraye. A shekara ta 325 ma, majalisar shugabannin ikilisiya da ta taru a birnin Nikiya ta ce ranar Lahadi a riƙa addu'a a tsaye. Ran nan ne Almasihu ya tashi daga matattu, tsayuwar tana shaida wannan.

Amma zuciyar maganar tana Yohanna 4. Wata mace Basamariya ta tambayi Yesu a bakin rijiyar Yakubu: a wannan dutse za a yi sujada ko a Urushalima? Tambayar wuri ta yi, kamar yadda maƙwabciyarki ta yi tambayar siffa. Yesu ya ce mata lokaci ya yi da masu sujada na gaske za su yi wa Uba sujada cikin ruhu da gaskiya, irinsu kuwa Uba yake nema. Ki kula da wannan, ɗiyata: shi ne mai neman. Allah ne ya fara tahowa wurinmu cikin Yesu, ya ba da kansa a kan gicciye. Ba muna zuwa majami'a mu sayi yardarsa ba ne. An riga an karɓe mu, sai mu zo da godiya, mu ji maganarsa, mu furta zunubanmu, mu miƙa masa kanmu. Wannan amsawar ita ce sujada.

Abin da ke damuna shi ne yadda yaranmu suka mai da kalmar ta zama minti ashirin na kiɗa kafin wa'azi. Ina son waƙa, gangunan zumuntar mata sun sha sa ni hawaye. Sai dai Bulus ya ce mu miƙa jikunanmu hadaya rayayya, ita ce ibadarmu (Romawa 12:1), jiki kuwa ba ya tsayawa a kan benci. Yana zuwa kasuwa ran Litinin. Annabi Amos ya tsawata wa 'yan hatsin da ke ƙagara Asabaci ta wuce su koma rage mudu (8:5), Allah kuma ya ce ba zai saurari waƙoƙinsu ba (5:23). Mai ƙwange tiyar gero a babbar kasuwa, ko da shi ke jan waƙa ran Lahadi, bai rusuna ba tukuna. Mai wanke gyambon kuturu a asibitin Danja saboda sunan Yesu kuwa, a tsakiyar ibada yake.

In akwai wadda ba kwa ga maciji da ita a zumunta, ki je ku shirya kafin ki kai baikonki, haka Ubangiji ya umarta a Matiyu 5:23-24.

Ita kuma maƙwabciyarki, kada ki ja gardama da ita. Ki gode mata da ta raka ki, ki ce mata mu ma mukan durƙusa, amma ranar Lahadi mun fi tsayuwa don mun gaskata Yesu ya tashi. In ta ƙara tambaya, ki ba ta labarin matar nan ta bakin rijiya.